Matambayi Ba Ya Ɓata: Tarihin Amurka a Bangon Gidajen Tarihinta

Tun da muka sanar cewa fitowar wannan wata za ta duba yadda ake karanta tarihin ƙasa ta hanyar zane-zanen da ke gidajen adana kayan tarihi na Amurka, wasiƙu suka yi ta shigowa. Mun zaɓi biyar, dukkansu daga cikin birnin Kano, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare da ke Gwale. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya ziyarci gidan tarihi na Metropolitan a birnin Niyok, ya turo mini hoton wani ƙaton zane na Joj Washinton, jagoran yaƙin neman 'yancin Amurka kuma shugabanta na farko, yana tsaye a cikin kwalekwale, sojojinsa suna tuƙi a tsakanin ƙanƙara. Da na nuna wa ɗalibaina, sai suka ce hoton ya fahimtar da su yaƙin neman 'yancin Amurka fiye da duk bayanin da na yi musu a allo. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shin zan iya dogara da irin waɗannan zane-zane wajen koyar da tarihi, ko kuwa ado ne kawai?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Za ka iya amfani da su, har ma ina ƙarfafa maka gwiwa a kan haka, da sharaɗin ka ɗauki kowane zane a matsayin mai ba da shaida a gaban alƙali, wanda ba a karɓar maganarsa sai an tambaye shi inda yake lokacin da abin ya faru, da kuma abin da ke tsakaninsa da masu shari'ar. Karin maganar da ka kawo tana aiki ne idan mai ganin ya halarci wurin. A wannan zane kuwa, shi kansa mai zanen ji ya yi.

Washinton ya ƙetare kogin Delaware da sojoji kimanin 2,400 a daren 25 ga Disamba 1776, da gari ya waye ya auka wa sojojin hayar Jamus da ke yi wa Ingila yaƙi a garin Trenton, ya kama kusan 900 daga cikinsu, a daidai lokacin da rundunarsa ta sha kashi sau da yawa har mutane sun fara yanke ƙauna. Shi kuwa Emanuel Leutze, mai zanen, sai a 1816 aka haife shi, shekara 40 bayan aukuwar lamarin, kuma a birnin Düsseldorf na ƙasar Jamus ya kammala aikin a 1851. Tuta mai taurari da ke kaɗawa a bayan Washinton ba a amince da ita ba sai a watan Yuni na 1777. An haye kogin ne cikin duhun dare, ana ruwa da ƙanƙara, a manyan jiragen dakon kaya masu zurfin ciki, waɗanda ba su da kama da ɗan kwalekwalen da ke zanen, wanda ko a madatsar Tiga masunci ba zai yarda a loda masa mutum goma sha biyu a cikinsa ba.

Duk da haka kada ka jefar da zanen, domin yana ba da shaidar gaskiya a kan wani lokaci dabam, wato 1851. Leutze haifaffen Jamus ne da ya girma a Filadelfiya, sannan ya koma ƙasar haihuwarsa, inda ya ga yadda yunƙurin juyin juya hali na 1848 ya wargaje, ya so ya nuna wa 'yan'uwansa masu neman sauyi cewa akwai waɗanda suka taɓa shiga irin wannan duhu suka fita. A can Amurka kuma, Kudu da Arewa sun riga sun fara ja-in-ja a kan bauta, an kafa dokar kamo bayin da suka gudu a 1850, saura shekara 10 yaƙin basasa ya ɓarke. Ka sa ɗalibanka su dubi mutanen da ke cikin jirgin ɗaya bayan ɗaya: ga mai hular mutanen Sikotlan, ga maharba daga ƙauyukan yamma, ga manoma, ga baƙar fata yana tuƙi kusa da ƙafar Washinton, kowa ya fuskanci gaɓa ɗaya. Wannan ita ce ƙasar da Amurkawan 1851 suke fatan su kasance, a lokacin da suke jin tana tsagewa a ƙarƙashinsu. Daga nan sai ka gaya wa ɗaliban abin da zanen ya yi shiru a kansa, cewa lokacin da Washinton ya mutu a 1799 akwai bayi 317 a gonarsa ta Mount Vernon, kuma 123 daga cikinsu mallakarsa ne na kansa, waɗanda ya yi wasiyyar a 'yanta su.

Mu da muka tashi a garin da malamai ba sa karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta, bai kamata wannan hanya ta zame mana baƙuwa ba. Kowane zanen tarihi yana da shekara biyu, shekarar abin da aka zana da shekarar da aka zana shi, kuma ta biyun ita ce ya fi iya faɗin gaskiya a kanta. Bayan shekara, sai a tambayi wanda ya biya kuɗin aikin. Akwai wani ɗan ƙaramin zane na John Gast, na 1872, da ke gidan tarihi na Autry a Los Angeles, wanda tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, amma kusan babu littafin tarihin makarantun Amurka da bai buga shi ba. Wata mata ce sanye da fararen kaya tana shawagi a sararin sama daga gabas zuwa yamma, littafin makaranta a hannunta, tana jan wayar tangaraho, jiragen ƙasa da manoma masu garma suna biye da ita cikin haske, 'yan asalin ƙasar da garken ɓauna suna gudu a gabanta zuwa cikin duhu. Wanda ya sa aka yi zanen, George Crofutt, mai buga littattafan jagorar matafiya ne zuwa yamma, kuma cinikinsa ya dogara ne a kan mutane su yi ta kwarara can, shekara uku bayan an haɗa layin dogo daga gaɓar teku zuwa gaɓar teku a 1869. Da zarar ɗalibi ya san wannan, zai gane cewa talla yake kallo, kuma zai fahimci aƙidar da ta halatta wa mutane ƙwace ƙasar wasu suna kiran abin ci-gaba.

A ganina, wanda ya fi dacewa ka ajiye kusa da shi shi ne aikin George Catlin, lauyan da ya bar shari'a ya kama zane, ya yi tafiye-tafiye biyar tsakanin 1830 da 1836 yana zana sarakuna da mata da mayaƙan ƙabilun asali. Ya fara ne a shekarar da Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar tashin ƙabilun daga gabashin kogin Misisipi, dokar da ta kai ga korar 'yan ƙabilar Cherokee kimanin 16,000 a 1838, inda aka ƙiyasta 4,000 sun mutu. A 1832 Catlin ya zana Mato-Tope, wani shugaban ƙabilar Mandan, tsaye da mashinsa, gashin gaggafa ya zubo daga kansa har ƙasa. Bayan shekara biyar agana ta shiga garuruwan Mandan ta jirgin ruwan 'yan kasuwa, ta kashe shi, ta bar ƙasa da mutum 200 daga cikin kimanin 1,600. Catlin ya ga mutanen da idonsa, don haka isnadinsa ya fi na Leutze ƙarfi nesa ba kusa ba, amma shi ma ya faɗa da bakinsa cewa ya rage wasu kayan adon shugaban domin siffar ta fi kyau, sannan ya riƙa yawo da zane-zanen har Landan da Faris ana biyan kuɗi ana kallo. Majalisar Amurka ta ƙi sayen tarin, bashi ya karya shi a 1852, wani attajiri mai ƙera kawunan jirgin ƙasa ya biya bashin ya kulle zane-zanen a masana'antarsa, sai a 1879 iyalinsa suka miƙa su ga cibiyar Smithsonian mai kula da gidajen tarihin gwamnatin Amurka, inda fiye da 400 suke a yau. Ko labarin yadda zane ya isa bangon gidan tarihi darasi ne mai zaman kansa.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Bayero, ina zaune a Kabuga. Duk hotunan da nake gani na tarihin Amurka na Turawa ne masu farin gashi da dogayen riguna. Shin a cikin waɗannan gidaje akwai fuskar wani namu, ɗan Afirka ta Yamma ko Musulmi, daga wancan zamanin?

AMSA: Akwai, 'yata, ko da yake ba su da yawa, kuma ƙarancin nasu shi ma tarihi ne, domin wanda ake sayar da shi a kasuwa ba ya da kuɗin da zai biya mai zane. Ki nemi zanen Yarrow Mamout a gidan zane-zane na Filadelfiya. Dattijo ne Bafulatani, sanye da hular saƙa da rigar sanyi mai kauri, yana kallon mai kallonsa da ɗan murmushin da duk wanda ya taɓa zama gaban tsofaffin malaman zaure zai gane shi. Masana suna ganin asalin sunansa Yero Mamadu ne, kuma sunan Yero ba baƙo ba ne a wurinmu, tun da har Sarkin Zazzau an yi mai wannan suna. An kawo shi tashar Annapolis a 1752 yana saurayi, ya riga ya iya karatu da rubutun Larabci, ya yi shekara 44 a cikin bauta kafin a 'yanta shi a 1796. Da ya sami kansa sai ya duƙufa aiki, yana yin bulo, yana saƙa kwanduna, yana ƙona gawayi, har ya sayi gida a Georgetown, wadda yanzu unguwa ce a cikin birnin Washinton, ya kuma sayi hannun jari a banki.

Wanda ya zana shi a 1819, Charles Willson Peale, shi ne mutumin da ya sha zana Joj Washinton, kuma dalilin da ya kai shi ƙofar gidan dattijon shi ne jita-jitar da ya ji cewa ya haura shekara 130, alhali bai wuce 80 da 'yan kai ba. Peale yana da sha'awar sanin sirrin tsawon rai, ya je neman abin mamaki, ya dawo mana da fuskar Musulmi. Ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa dattijon yana bayyana Musuluncinsa, ana jin sa a kan titi yana yabon Allah, ba ya cin alade, ba ya shan giya. Na daɗe ina kallon wannan zane, kuma abin da ya fi taɓa ni shi ne mutumin da aka raba da danginsa da malamansa yana yaro ya riƙe abin da aka koya masa har shekara 70 a ƙasar da babu masallaci. Ya rasu a 1823. Kada kuma mu karanta labarinsa kamar laifin na wasu ne su kaɗai, domin a wannan zamanin ana cinikin bayi a kasuwarmu ta Kurmi.

Idan kika matso zuwa ƙarni na 20, za ki tarar baƙaƙen fata sun karɓi burushin da hannunsu. Jacob Lawrence yana da shekara 23 a 1941 lokacin da ya kammala alluna 60 a kan babbar ƙaurar da baƙaƙen Amurka suka yi daga Kudu zuwa biranen Arewa, ƙaurar da ta kwashi mutum kimanin miliyan 6 kafin 1970. Iyayensa suna cikin waɗanda suka yi ta, don haka a gida ya fara jin labarin, sannan ya je ɗakin karatu na unguwar Harlem ya yi bincike, ya rubuta wa kowane allo jimlar bayani. Allunan suna bin dalilan ƙaurar daki-daki: ƙwaron da ya cinye auduga, ambaliya, yunwa, kotunan da ba sa yi wa baƙi adalci, da kisan gilla da gungun fararen fata ke yi ba tare da shari'a ba. A wani allo babu komai sai reshen bishiya da igiya tana reto, da wani mutum zaune ya sunkuyar da kai. Ba ya ɓoye abin da suka tarar a Arewa, wato cunkoson gidaje, tarin fuka da tarzomar ƙabilanci, tare da aikin masana'antun ƙarfe da makarantu da damar jefa ƙuri'a. Duk ɗan Kano da ya ga yadda fari ke turo mutane birni da tabarma da ƙunshin kaya zai fahimci waɗannan tashoshin jirgin ƙasa ba tare da tafinta ba. An raba allunan gida biyu a 1942, masu lamba mara a gidan Phillips da ke Washinton, masu lamba cika a gidan zane-zanen zamani na Niyok. Lawrence ya zo Najeriya a 1962, aka nuna aikinsa a Legas da Ibadan, ya sake dawowa da matarsa a 1964 suka zauna wata takwas yana zana kasuwanni.

Zanen tsohon Shugaba Barack Obama da aka rataya a gidan hotunan manyan mutane na Washinton a 2018 kuwa, Kehinde Wiley ne ya yi shi, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne.

TAMBAYA: Ni uwa ce mai jikoki a unguwar Yakasai. Jikana yana son tarihi ƙwarai, kullum yana kallon irin waɗannan hotuna a waya, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da zanen mai rai da mutum-mutumi ba. Shin babu wata hanya da yaro zai amfana da waɗannan gidaje ba tare da wannan ba?

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya raya zuriya. Hukuncin hoto na malamai ne, kuma ya dace ki kai tambayar ga malamin da kika amince da shi. Sananne ne dai cewa malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin siffa mai inuwa, irin mutum-mutumi, da zane a kan takarda ko ƙyalle, kuma zanen abin da ba shi da rai, kamar bishiya da dutse, ba a cika saɓani a kansa ba. Abin da zan iya tabbatar miki shi ne kaso mai yawa na abin da ke cikin waɗannan gidaje babu siffar mai rai a jikinsa, kuma wasu daga cikin shaidun da suka fi ƙarfi suna nan.

Ki sa jikanki ya nemi randunan David Drake. Bawa ne maginin tukwane a yankin Edgefield na jihar Karolaina ta Kudu, yana gina randunan da wasunsu ke cin lita 150, waɗanda ake adana naman abincin bayin gandu a cikinsu. A 1834 jihar ta kafa doka mai tsanani da ta hana koya wa bawa karatu da rubutu, amma daga wannan shekarar har zuwa 1864 yana rubuta kwanan wata a kafaɗar randa tun yumɓu yana ɗanye, sau da yawa har da sunansa da baitin waƙa. A jikin wata randa ta watan Agusta 1857 ya rubuta baitin da yake tambayar inda danginsa suke, tambayar da ba ta buƙatar sharhi a ƙasar da ake sayar da uwa dabam, ɗa dabam. Randunansa suna gidajen tarihi na Niyok da Bostan da Filadelfiya. Yaron da ya san randa a gindin bishiya a tsakar gidan kakarsa zai iya koyon tarihin bauta gaba ɗaya daga wannan.

Akwai kuma barguna na matan ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama, jikokin bayin gonar auduga, waɗanda suke harhaɗa ƙyallayen tsofaffin wandunan aiki da buhunan masara su ɗinka abin rufa saboda sanyi. Zubin nasu layuka ne da murabba'ai, kuma a wasu ana ganin kodewar gwiwar wando da shacin aljihu. An fara baje kolinsu a manyan gidajen zane a 2002. Ke da kika san aikin hannu, za ki karanta talauci da ƙwarewa a jikin ɗinkin fiye da yadda masu digiri za su karanta.

Zanen ƙasa da duwatsu ma yana da nasa labarin. Thomas Moran ya bi ayarin masu binciken gwamnati zuwa Yellowstone a 1871, zane-zanensa suka taimaka wajen shawo kan majalisa ta mayar da wurin gandun daji na ƙasa a watan Maris 1872, ta kuma sayi babban zanensa na kwazazzabon wurin a kan dala 10,000. Zanen yana nuna daji kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba, alhali ƙabilu irin su Shoshone sun daɗe suna farauta da zama a wurin kafin a fitar da su.

TAMBAYA: Ni matashi ne mai sana'ar gyaran waya a Fagge. Ba ni da kuɗin jirgi, ba ni da biza. Ta yaya zan ga waɗannan abubuwa da kyau?

AMSA: Da wayar da ke hannunka, ɗana. Gidan Metropolitan ya saki hotunan kayansa kimanin 375,000 kyauta a intanet a 2017, cibiyar Smithsonian ta saki miliyan 2.8 a 2020, kowa yana iya saukewa ya buga ba tare da neman izini ba. Gidan Phillips ya ware shafi na musamman da ke nuna allunan Lawrence guda 60 a jere. Ka rubuta sunan mai zanen yadda muka rubuta shi a nan, ka shiga shafin gidan tarihin kansa maimakon hotunan da ke yawo a Facebook, domin a can ne za ka sami shekara da girman zanen da hanyar da ya bi ya iso wurinsu. Girman yana da muhimmanci: zanen Leutze ya haura mita 6 a faɗi, an yi shi ne don ya rinjayi mai tsayuwa a gabansa, abin da fuskar waya take ɓoyewa.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Kurmi, na haura shekara 60. Ina ganin kun ɓata shafuka a kan tarihin mutanen da ba su san da zamanmu ba, alhali ga Gidan Makama nan, 'ya'yanmu da yawa ba su taɓa taka ƙofarsa ba. Me ya sa ba za ku fara da gida ba?

AMSA: Alhaji, ranka ya daɗe, ƙorafinka yana kan hanya, kuma na karɓe shi. Abin da ya sa na ga amfanin wannan zagaye shi ne mutum ya fi saurin ganin son zuciya a labarin da ba nasa ba. Yaron da ya koyi tambayar Leutze shekarar da aka haife shi, ya tambayi Gast wanda ya biya shi, zai shiga Gidan Makama da ido dabam. Ginin kansa shaida ne, tun daga ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a cikinsa akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin zuwan Turawa.

A shekarar da Leutze yake kammala zanensa a Jamus, wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya hau Dala ya zana garin, kuma wannan hoto na gidajen ƙasa da bishiyoyin dabino yana cikin tsofaffin hotunan Kano da ake da su, har yau ana buga shi a littattafai. Amma abin da muke gani ba shi ne ainihin abin da hannunsa ya zana ba, wani mai zane ne a Jamus, Johann Martin Bernatz, wanda bai taɓa zuwa Kano ba, ya ƙawata shi don bugawa a 1857. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, tana neman hanyoyin ciniki, shi ya sa Barth ya mai da hankali ƙwarai a kan saƙa da rini, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Bayan shekara 52, ranar 3 ga Fabrairu 1903, sojojin Ingila suka shiga garin alhali Sarki Alu yana hanyar Sakkwato, kuma kusan duk hotunan wannan zamani waɗanda suka ci garin ne suka ɗauke su, su ne kuma suka rubuta bayanin da ke ƙasansu.

Haka hotunan dalar gyaɗa da muke alfahari da su. Suna nuna arzikin da ya biyo bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, suna tuna mana da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, amma mutanen da ke hawa da buhu a ka, waɗanda suka jera dubban buhuna har dala ta tashi, ƙananan ɗigo ne a jikin hoton, babu wanda ya rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu. 'Ya'yansu da jikokinsu suna nan da rai a cikin garin nan, wataƙila wasunsu maƙwabtanka ne a kasuwa.

Shawarar da zan ba ka, Alhaji, da kai da Malamin Gwale da ya buɗe mana filin yau, ita ce ku haɗa hannu a kan fita guda ɗaya. A buga hoton Barth a takarda, a hau Dala da yara da safe, su tsaya su gwada abin da ke takardar da abin da ke gabansu, daga nan a gangaro zuwa marinar Ƙofar Mata, a ƙare a Gidan Makama. Kafin ranar, kowane yaro ya nemo tsohon hoto ɗaya daga akwatin gidansu, ya zauna da kakarsa ta faɗa masa sunayen waɗanda ke ciki, da shekarar da aka ɗauka, da wanda ya ɗauka, ya rubuta su a bayan hoton da fensir, domin tawadar biro tana ɓata takardar hoto.